Giram Sittin da Gwangwanin Tumatir

Assalamu alaikum 'yan uwana mata, musamman masu goyo. Sunana Hajara, a unguwa ana ce mini Maman Zali. Asalinmu mutanen Tasawa ne, amma mun jima a Yamai, muna haya a wani gida kan hanyar Saga, kusa da gonakin shinkafa. Maigidana, Baban Zali, yana tsaron shagon atamfa na wani Alhaji a Babbar Kasuwa. Ban yi lakwal, wato makarantar boko, ina ƙarama ba. Da girmana na shiga ajin yaƙi da jahilci, na yi shekara biyu, na koyi karatu da rubutu da lissafi kaɗan. Da wannan ɗan karatun nake rubuta muku labarin jinyar ƙaramar ɗiyata Nafisa, wadda Allah ya karɓi abinsa tana da wata goma sha bakwai. In kun ga kuskure a rubutun ku yi mini haƙuri.

Abin ya faro ne a tsakiyar damina, lokacin da sauro ya yi mana yawa. Masassara ta kama ta kwana huɗu, aka ba ta magani ta sauka, sai zawo ya biyo baya. Shi ma ya tsaya. Amma yarinyar da ta tashi daga wannan ciwon kamar ba ita ce ta kwanta ba. Da can in na ajiye kwanon tuwo sai na riƙe mata hannu, yanzu in na kai mata loma sai ta kau da kai. Ta fara tafiya tana dafa bango kafin ciwon, sai ta koma zama. Nonona kuma ya ragu, don ni ma masassarar ba ta bar ni ba.

Inna, mahaifiyar maigidana, tana zaune tare da mu. Ta ce haƙora ne, duk 'ya'yanta haka suka yi. Na bi maganarta sati biyu. Da na ga awarwaron roba da ke hannun Nafisa ya fara zamewa har gwiwar hannu, sai na goya ta muka tafi ƙaramin gidan likita na unguwarmu ranar awon yara.

Wadda ba ta taɓa zuwa awo ba, ga yadda yake. Da an sallame asuba za ki fita, ki ajiye karnen yaro, wato katinsa na awo, a kan tarin na wasu, a danne da dutse. Sai ki samu benci in da wuri, in babu ki shimfiɗa zane. Ba a kira mu ba sai da rana ta take. Aka sa Nafisa cikin wani ɗan wando aka rataye ta a balas, wato sikeli, tana kuka, aka ɗaura mata wata igiyar roba mai launi uku a dantse. Madam ɗin da ke awo ta duba ta ce, “Rawaya.”

Na ce, “Madam, mene ne rawaya?”

Ta ce, “Tamowa ce ta fara kama ta, amma ba ta yi nisa ba. Abincin leda na gyaɗa da kika ga ana rabawa na masu ja ne. Taki ba ta kai ba, ki gode Allah.”

Na gode Allah. Ta miƙo mini wata takarda, an rubuta da Faransanci a sama, da Hausa a ƙasa. Ta ce in dama mata kunun gero kamar kullum, in zuba cokali ɗaya na man gyaɗa, kuma kowace rana in sa mata garin waken soya giram sittin, in raba shi sau uku. Ta ce waken shi zai mayar mata da tsoka. Ta tambaye ni, “Kina karatu?” Na ce ina yi. Wallahi na ji daɗin faɗin haka a gaban mata. Ta ce, “To madalla, kin hutar da ni.” Ta kira ta gaba.

Ba zan ɗora mata laifi ba. Mata sun fi ƙarfinta a ranar, ko ruwa ban ga ta sha ba. Amma da na ce mata ba na karatu, watakila da ta ɗauko kofi ta nuna mini da hannu.

Baban Zali ya sayo tiya ɗaya ta waken soya. Na tsince shi, na wanke, na shanya, na toya shi a kasko ba mai har ƙamshinsa ya tashi, na murje ɓawon na sheƙe, na kai inji. Da na dawo na tankaɗe shi sau biyu da rariya mai laushi, don kada wani tsaki ya tsaya wa yarinya a wuya. Garin ya fito lallausa, ya tashi fam a roba. Sai na zauna da takarda a hannu ina tunanin giram sittin.

Mu a gidanmu ba mu san giram ba. Tiya muka sani, da kofi, da ludayi, da cokali, da abin da yatsu uku suka ɗauko. Kilo sai wajen mai nama. Ina cikin tunani sai idona ya faɗa kan ƙaramin gwangwanin tumatir da na buɗe da safe. Na ɗauka na juya shi, sai ga lamba a jikinsa, bakwai da sifili, da harafin g a gefe, irin wanda ke kan takardar Madam. Giram saba'in. Na ce Allah na gode maka da karatu. Na wanke gwangwanin, na daddanne bakinsa da dutse don kada ya yanke ni, na ce in ya cika saba'in ne, to in na rage kaɗan daga baki sittin ke nan.

Da yamma na nuna wa Baban Zali. Ya karanta lambar shi ma, ya yi dariya ya ce, “Ka ga malama! Inna, kuɗin alli bai tafi banza ba.” Inna ta ce ita dai ba ta ga abin da wake zai yi wa haƙora ba.

Haka na fara. Kowace safiya gwangwani ɗaya saura kaɗan, in raba shi uku a murfin kwano, safe, rana, yamma. Ban taɓa tsallake rana ba. Nafisa tana shan kunun, ba da yawa ba, amma tana sha in na yi mata wasa da cokali.

Bayan sati biyu muka koma awo. Nauyinta bai ƙaru ba. Madam ta ce, “Kina ba ta giram sittin?” Na ce ina ba ta. Ta ce in ci gaba, wani yaron yana da nauyin tashi.

Sati na huɗu ta ragu. A ranar Madam ta dube ni wani iri. Ta ce, “Maman yarinya, faɗa mini gaskiya. Yara nawa ke shan kunun nan a gidanku?” Na ce ita kaɗai. Ta ce, “Haka kuke cewa duka. A ba ku abu don maras lafiya, ku raba wa gida har da maigida.” Matan da ke benci suka yi dariya, wata ta ce, “Ai maigida ma tamowa gare shi, Madam.” Ni ban yi dariya ba. Ban saba ɗaga murya ba. Na goya ɗiyata na fito, hawaye na zuba har bakin titi. Zali, babbar ɗiyata, ko lasar cokalin ƙanwarta ban taɓa barin ta yi ba.

Daga nan shawarwari suka yi yawa. Ƙanwar Baban Zali ta bugo waya daga Maraɗi ta ce baki ne, yarinyar ta cika kyau, a karɓo rubutu. Aka karɓo, na ba ta. Wata maƙwabciya Bazabarma ta kawo sassaƙe ta ce a yi mata wanka da shi, na yi. Inna ta ce a daina waken nan, shi ke kumbura mata ciki. Wannan kaɗai na ƙi. Na ce, “Inna, ki yi mini haƙuri, likita ce ta rubuta.” Ta ce, “To, masu takarda.” Baban Zali ya fara kawo ƙwai in kasuwa ta yi, amma Nafisa in ta ji warinsa sai ta yi amai. Gashinta ya yi ja, ya yi laushi kamar na masara. Ta daina kuka mai ƙarfi, sai wani siririn kuka da ba ya ƙarewa.

Akwai abin da nake so ku lura da shi a nan. Tiya ɗaya ta waken da aka saya mini ta ƙi ƙarewa. Har na yi wa Baban Zali albishir na ce garin nan yana da albarka. Ban tsaya na tambayi kaina me ya sa ba.

A sati na shida sai muka ga kamar sauƙi ya zo. Kumatunta suka ciko, ƙafafunta suka yi ɓul-ɓul. Inna ta ɗaga ta tana yi mata rawa tana cewa, “Amaryata ta dawo! Wa ya ce ba za ki yi ƙiba ba?” Har ta ce mini, “Hajara, ashe wakenki yana aiki.” Ranar awo ta zo, aka yi ruwan ƙarshe mai yawa hanya ta cika da laka, na ce tunda ga ƙiba a fili bari in bari sai wani satin. Wannan satin da na bari yana cikin abubuwan da nake juyawa a raina har yau.

A gidan da muke haya akwai Tanti Rahila, mutuniyar Dogonduci, Kirista ce. Ta yi aikin jinya shekaru da yawa kafin ta huta, yanzu gato, wato kek, take yi na biki da suna. Duk wannan lokacin ba ta nan, ta tafi wajen ɗiyarta da ta haihu. Ta dawo ranar wata Talata. Washegari da hantsi ta fito tsakar gida ta same ni ina awon gari.

Ta ce, “Maman Zali, me ake awo haka da gwangwani kamar mai sayar da yaji?”

Na gaya mata duka, har na ɗauko takardar na nuna mata, na nuna mata lambar jikin gwangwanin. Ta karɓi gwangwanin da garin a ciki ta ɗan jinjina shi a tafin hannu. Ta shiga ɗakinta, ta fito da ɗan ƙaramin balas ɗinta mai batir, wanda take auna fulawa da shi. Ta ɗora kofi, ta danna ya koma sifili, ta juye garina a ciki.

Ta ce, “Ke da kike karatu, karanta mini.”

Na duba. Biyu da ɗaya. Na ce, “Tanti, balas ɗinki ya lalace.”

Ta ce, “Da ya lalace da amaren Yamai sun kore ni tuni.” Ta aika aka sayo sabon gwangwanin tumatir a butik, ta buɗe, ta kwashe tumatirin a wani kofi ta auna. Ya tashi kusan saba'in. Ta ce, “Kin gani? Lambar nan nauyin tumatirin da ke ciki ce. Tumatir jiƙaƙƙe ne, a cushe yake. Garinki kuwa rabinsa iska ce, kin kuma tankaɗe shi ya ƙara tashi. Ke in aka ba ki tiyar dusa da tiyar gero, ɗaya kike jin su a ka?”

Na ce a'a.

Wallahi 'yan uwa, na san wannan tun ina yarinya. Na ɗauki dusa, na ɗauki gero, na san bambancinsu ido rufe. Kullum in na ɗaga gwangwanin nan hannuna yana jin ba nauyi. Amma na ga lamba a rubuce, sai na yarda da ita na ƙi yarda da hannuna. Sati shida ina ba ɗiyata kashi ɗaya cikin uku na abin da aka ce, ina kuma rantsuwa a gaban likita cewa ina cikawa.

Ina tsaye ban san inda nake ba, Tanti ta ce, “Kawo mini yarinyar.” Inna ta miƙo ta tana murmushi tana cewa ai ta yi ƙiba. Tanti ta ɗora ta a cinya, ta danna babban yatsanta a bayan ƙafar Nafisa, ta ƙirga uku, ta ɗaga. Ramin yatsan ya zauna bai taso ba. Ta danna ɗaya ƙafar, haka.

Ta ce a hankali, “Inna, wannan ba ƙiba ba ce, ruwa ne. Maman Zali, ɗauko mayafinki. Ba ƙaramin gidan likita za mu ba.”

Ita ta tare mana taksi, ita ta yi magana da masu karɓar mutane a babban asibiti da Faransanci, shi ya sa ba mu daɗe a layi ba. Allah ya saka mata. Aka kwantar da mu a ɗakin yara masu tamowa. Gadaje a jere, kowane da uwa a gefe, wasu biyu-biyu. A can na ga yadda ake awo na gaskiya. Madara ce ake ba su, ana jan ta da sirinji, ana duba layi, ana rubutawa. Da farko an hana ni ba ta kunu. Likitan, wani dogo mai magana a hankali, Hausarsa ta Zabarmawa ce, ya ce, “Cikinta ya gaji. In muka ba ta da yawa yanzu, za mu ƙara mata wahala.” Na zo da garin waken a leda, yanzu na san awonsa daidai, amma ba dama a ba ta.

Kwana uku na farko kumburin ya fara sacewa. Da ruwan ya tafi sai na ga abin da ya rage na ɗiyata. Fatar cinyarta ta yi laƙwas kamar wandon da ya yi wa yaro yawa. Bayan kunnuwanta da matse-matsinta suka sale. Baban Zali yana zuwa kullum in ya rufe shago, da ardanas, takardar sayen magani, a hannu yana zagayen farmasi. Rana ta huɗu ya shigo ya ganta, ya juya ya fita, na same shi a bayan ɗaki ya dafa bango. Bai taɓa ce mini ke kika jawo ba. Abin da ya ce kawai, “Ni ma na karanta lambar nan, Hajara.”

Inna ta zo sau ɗaya, da fura a kwano. Ta zauna ta daɗe tana kallon yarinyar, sannan ta ce, “Ni da nake yi mata rawa.”

Rana ta biyar tari ya kama Nafisa, numfashinta ya riƙa fita da sauri. Ta daina karɓar madara da baki, aka sa mata siririn tiyo ta hanci. Akwai wata majinyaciya a gadon kusa da mu, 'yar ƙauye daga hayin kogi, ba ta jin Hausa, ni kuma Zabarmancina na cefane ne. In na fita alwala ita ke kore wa Nafisa ƙuda. In ta fita ni ke riƙe nata. Nata ya warke, an sallame su ranar da muka cika sati. Da za ta tafi ta cire ɗan zanen goyonta ta lulluɓa wa Nafisa a ƙafa. Ko sunanta ban riƙe ba.

Ma'aikatan ɗakin, akwai masu kirki, akwai wadda in kin kira ta sai ta gama abin da take yi a waya. Ba zan ce komai a kanta ba. Akwai kuma wani majo, ma'aikacin jinya, da ya cire wa Nafisa allura ya sake sawa har sau huɗu don jijiya ta ɓace, yana yi yana ce mata, “Yi haƙuri, 'yar gidana.”

Rana ta tara, da hantsi, bayan an gama zagayen likitoci, ina riƙe da hannunta, ta ja numfashi biyu masu tsawo ta tsaya. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Kafin mu bar asibitin na tsayar da likitan a baranda. Na ba shi labarin gwangwanin. Na ce, “Likita, don Allah kada ka ɓoye mini. Da na ba ta sittin ɗin, da ta rayu?” Ya ce, “Madam, ban sani ba. Masassara ta ci ta, zawo ya ci ta, ƙirji ya ƙarasa. Da ta samu abincin da ya fi haka, da ta fi ƙarfin faɗa. Iyakar abin da zan iya ce miki ke nan.” Na so ya ce eh ko a'a. Mutane suna ta ce mini kwana ne ya ƙare, na kuma yarda, amma maganar likitan ce ke dawo mini in ina tankaɗe.

Bayan sadakar arba'in na roƙi Tanti Rahila muka zauna da balas ɗinta, muka auna garin da ya rage ta kowace hanya. Ga abin da muka gani, ku riƙe. Ƙaramin gwangwanin tumatir, in an cika shi da garin waken soya an shafe bakinsa da wuƙa, yana tashi giram ashirin da huɗu ko kusa da haka. In sabon tankaɗe ne bai kai haka ba. In ya kwana biyu a roba ya zauna, ko kin danna shi da yatsa, yana haura haka kaɗan. Garin gero a gwangwani guda ya fi shi nauyi sosai, kada ki auna ɗaya da awon ɗaya. Giram sittin na waken soya gwangwani biyu da rabi ne. Tanti ta ce in gaya muku inji ma ya bambanta, wani yana niƙa da laushi wani da tsaki, don haka wadda ta samu hali ta kai garinta da abin awonta wajen mai balas, ko mai sayar da fulawa ne, a auna mata sau ɗaya ta yi wa kofinta alama. Kuma in ƙafar yaro ta cika, ki danna kafin ki yi murna.

Na koma ƙaramin gidan likitan ranar awo, ba goyo. Na jira har Madam ta samu sarari. Ta gane ni. Da na gaya mata ta dafe kai, ta ce in yafe mata maganar da ta yi mini. Na ce na yafe. Na ce ko za a ƙara a takardar a rubuta gwangwani nawa. Ta ce takardar daga sama ake bugo ta, ita ba ta da ikon taɓawa, amma za ta riƙa faɗa da baki in ta tuna. Tana cikin maganar ana kiranta daga ɗakin allura. Tarin takardun yana nan kan teburinta.

Da na fito sai na ga wata yarinya a benci, ba za ta wuce shekara ashirin ba, da ɗanta a cinya da takardar a hannu, tana bin layin da yatsa tana motsa baki. Na zauna kusa da ita na gaishe ta. Na ce, “Ƙanwata, da me za ki auna?” Ta ce ba ta sani ba tukuna, za ta duba a gida. Na yi mata bayani a hankali, na nuna mata da yatsu, biyu da rabi, a shafe baki. Tana ta gyaɗa kai.

Sai ta ce, “Yaya, ke ma an ba ki? Naki ya warke?”

Na ce, “Mace ce. Ta rasu.”

Ta dube ni, ta ce Allah ya ji ƙanta. Sannan ta ɗauke ɗanta daga cinyar da ke gefena ta mayar da shi ɗaya cinyar, ta ja mayafi ta rufe masa fuska. Ban ji haushinta ba, da ni ce haka zan yi. Can wata 'yar rakiyarta ta kira ta daga bakin ƙofa, ta ninke takardar ta soke a bakin zane, ta tashi ta tafi ba ta waiwayo ba. Ban sani ba ko ta riƙe adadin.